Numfashin Baba Kareti

"Mayar da allurarki jaka, 'yata," Baba Kareti ya ce wa nas ɗin da ta zo yi masa allurar rage zafi. "In na yi barci ba tashi zan yi ba."

Nas ɗin ta ja ni bakin ƙofa. Ta ce ciwon da ke cin hantarsa ko ƙato ba ya jure shi ido biyu, kuma da wuya ya ga azahar. 'Yarsa tilo kuwa tana mota tun asuba, tafiyar awa tara, ga shi ya ƙudurta sai ya gan ta.

Ni ɗinki nake yi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na shiga ajin Baba na kareti, wato dabarun kare kai, bayan wani ya fizge min jaka a titi, na tsaya baki buɗe. Na zaci shuri za a koya min. Wata uku ina tsaye da lanƙwasassun gwiwoyi, ana ƙirga min numfashi.

"Baba, ni duka na zo koya," na ce masa wata rana. "Numfashi ai tun haihuwa nake yi."

"Haki kike yi tun haihuwa," ya ce. "Ƙarfi a ƙasan cibiya yake. Tsayar da hankalinki wuri ɗaya, jiki zai bi."

To, ranar nan da ake jiran 'yarsa sai ya sa muka sauko da shi kan tabarma. Mutumin da kwana uku ko kofi bai iya ɗagawa ba ya zauna a kan dugadugansa, bayansa a miƙe, ya kafa wa wata ƙusa a bango ido.

"Ƙirga min, mai ɗinki."

Huɗu a shaƙa, huɗu a riƙe, takwas a fitar. Na fara.

Zufa ta jiƙa rigarsa, ta ɗiga a tabarma. In ciwon ya taso sai in ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma numfashin bai kauce wa ƙirgata ba ko sau ɗaya. Azahar ta wuce. Aka kira waya, wai tayar motar ta fashe. Na faɗa masa.

"Ƙirga," ya ce.

Nas ta riƙe tsintsiyar hannunsa ta daɗe. "Wallahi ban san da me yake zaune ba," ta ce. Ni kam tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa tsigar jiki tashi. Shekara ashirin muna gaisawa ta kan katanga, ashe ban san wa ke bayanta ba.

Bayan la'asar sai ga 'yarsa ta shigo a guje, ta zube a gabansa. Idonsa ya bar ƙusar ya koma kanta, ya yi murmushi. Ta riƙe fuskarsa tana kuka, tana ba shi labarin hanya. Ni kuwa ban fasa ba, huɗu, huɗu, takwas, har maƙogwarona ya bushe. Gani nake in na yi shiru zan kashe shi.

Can ta lura da yadda leɓensa ke karkarwa, ta juyo gare ni.

"Anti, kin manta dokarsa? Muddin ana ƙirga, ba a saki. Ke yake jira."

Sai na rufe bakina da hannu.

Ta gyara zama irin nasa, gwiwa da gwiwa, ta sunkuyar da kai kamar yadda ɗalibai ke yi a ƙarshen darasi.

"Baba, na iso. Saki."

Ya yi kalmar shahada a hankali. Sannan ya fitar da numfashi guda, dogo, kafaɗunsa suka sauko, goshinsa ya sauka a ƙirjinta.

Ba wanda ya motsa a ɗakin. Har lokacin jakar tafiyarta tana rataye a kafaɗarta.