Ƙafar Mai Taka Garwashi

Likita Rumyana ta warware bandejin, ta ɗan kawar da kai saboda warin. Gyambon yana nan a dugadugin Stoyna, faɗinsa kamar murfin kwalba, bakinsa ya yi fari. Shekara guda ke nan cif, tun bikin Waliyyi Kostadin na bara, da Stoyna ta taka garwashi a dandalin ƙauyensu rungume da hoton waliyyin, kamar yadda take yi shekara talatin.

"Gwaggo, ina man da na ba ki?"

"Na shafa. Na haɗa da zuma ma."

"A ƙafar ko a baki?"

Stoyna ta harare ta. Ita ba ta zo wasa ba. Motar ƙarfe ɗaya take son kamawa, don yau da magariba ne bikin.

Likitar ta jawo kujera. Ta ce sukarin da ke yawo a jini yana haifar da wani abu mai cin ƙwayoyin nama, kamar tsatsa a jikin ƙarfe. Jiki kuwa yana da nasa sinadaran da ke bi suna share wannan dafin kafin ya yi ɓarna. "Naki masu sharar sun gaji, Gwaggo. Sabon nama na tsirowa, dafin na cinye shi. Shi ya sa ciwon ya ƙi rufewa."

"To ki ba su hutu mana."

Rumyana ba ta yi dariya ba. Ta ce mata ta rufe ido.

"Kin ji?"

"Kin fara ne?"

Da Stoyna ta buɗe ido sai ta ga allura tsaye a babban yatsan ƙafarta.

"Tun yaushe kika daina jin zafin wutar?"

Nan fa Stoyna ta gyara zama, don wannan labari ne da take son bayarwa. Da can tana ji, har hawaye take yi, tana ɗaga ƙafa da sauri. Amma shekara bakwai ke nan waliyyi ya ɗauke mata zafin ɗungurungum. Tafiya take a hankali a kan garwashi, mutane daga biranen Burgas har da Sofiya suna zuwa kallo.

Likitar ta buɗe katinta, ta juya mata shi, ta aza yatsa a kan ranar da aka fara gano sukarin. Shekara takwas.

"In kika taka wuta yau, ba ni za ki gani ba. Mai yankewa za ki gani."

A mota Stoyna ta ce a ranta yarinyar tana da rashin kunya. Ta yanke shawara za ta yi rawarta a kan garwashi.

La'asar ta same ta a dandali, zaune a benci cikin farin zanen bikin, da hoton waliyyi a cinya. An riga an cinna wa itacen wuta don ya zama garwashi kafin rana ta faɗi. Yanko makaɗi yana ɗaure gangarsa, yana tsokanar Ginka mai shago, wadda sau biyu tana gwada shiga wutar tana fitowa da gudu.

"Bana ma tsallen kaza za ki yi mana?"

"Kai ka shiga mana, sarkin baki!"

Can Yanko ya shaƙi iska. "Kai, wani abu na ƙuna."

Aka dudduba. Wani ɗan garwashi ne ya yi tsalle ya faɗa kan safar Stoyna, ya cinye ulun, ya zauna a bayan ƙafarta yana hayaƙi. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Yanko ya kaɗe shi da sandar kiɗa. Wata baƙuwa ta yi alamar gicciye, ta ce, "Ikon Allah! Ko gezau ba ta yi ba."

Stoyna ta daɗe tana kallon sabuwar ƙunar. Ba rawa take ba, ba a fara kiɗa ba, ko addu'a ba ta yi ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a bakin wuta ba.

"Ginka, zo nan."

Ta miƙa mata hoton. Ginka ta ɓoye hannuwa a baya.

"Haba Gwaggo, ni? Ni fa zafi nake ji. Na rantse, har cikin kaina nake jin sa."

"Sosai?"

"Sosai."

"To riƙe. Duk lokacin da ƙafarki ta ce ki ɗaga, ki ɗaga."

Ginka ta karɓa. Stoyna ta sunkuya ta jawo takalmanta daga ƙarƙashin benci, ta sa, ta ɗaure igiyar. Sai da ta duba da ido kafin ta tabbatar sun shiga.