Ƙafafun Auta

Famfo na zuba a banɗaki, amma ba ƙarar ruwan ce ta tsayar da shi a bakin ƙofa ba. A ƙarƙashinta akwai wata: dif, dif, dif, tafin ƙafa a kan siminti. Malamin motsa jiki ne a sakandare, ko cikin barci ya san ƙarar tsalle.

"Auta, wanka kike?"

Ƙarar ta ɗauke. "Na kusa, Baba."

Ta fito da tawul a wuya, jikinta a bushe, tana haɗiye haki. Shi ya koya mata gudu tun tana firamare, shi ke tsaya mata da usur a bakin fili. Bara ta fara rage abinci, wai don jikinta ya yi sauƙi a tsere. Daga nan ita da cokali suka ɓata. Yanzu agogonta zamewa yake har gwiwar hannu.

Ranar awon nauyinta ce, suka shiga bas zuwa asibiti. Ga kujera babu kowa, ta ce ita tsayuwa take so. Har tsayuwar ma motsa jiki ce a wurinta.

Likitar ta dubi ma'auni, ta daɗe tana sauraron ƙirjin yarinyar, sannan ta juyo gare shi.

"Malam, nauyinta ya sake sauka, zuciyar kuma a hankali take bugawa. Na ce ba gudu, ba tsalle, sai jiki ya dawo. Lokacin motsa jiki zai zo, har zai taimake ta, amma ba yanzu ba. Tana yi a gida?"

Auta ta ɗago ta kafe shi da ido. Irin kallon da take masa tana ƙarama idan ta fasa kofi, kafin uwarta ta shigo.

"Tana yi," ya ce. "A banɗaki. Sai ta kunna ruwa."

"Baba!"

"Yi haƙuri, uwata."

Aka ba ta gado. Ya kira uwarta a wurin aiki, ya ce ta taho da kayan sawa da bargo. Uwar ta ce, "Kai da ka iya sa 'ya'yan mutane gudu, ka kasa tsayar da taka?" Sai kuma ta ce ba haka take nufi ba, ta fashe da kuka.

Da azahar nas ta kawo abinci ta ajiye a kan ɗan tebur, ta ce a lallaɓa ta ta ci da zafinsa. Auta ta juya fuska bango. Ya ja kujera, ya ɗauki cokali, sai ya lura zanen gadon na rawa. Ƙafarta ta dama ce ke kaɗawa a ƙarƙashi, da sauri, ba tsayawa.

Ya ɗora hannu a gwiwar. Ta lafa. Sai ta hagu ta kama.

Ya ajiye cokalin, ya danne ta da ɗaya hannun. Yana jin ƙashin yana motsi a tafinsa.

"Wallahi ba ni nake yi ba, Baba," ta ce, ba ta juyo ba.

"Na sani."

Haka ya zauna a sunkuye, hannuwansa biyu a kan gwiwoyinta, yana kallon tururin abincin yana raguwa.