Fararen Ɓerayen Yaya Denzil

Ranar Asabar da la'asar Yaya Denzil ya dawo gida yana tangaɗi. Ina goge taga na hango shi ya shawo kwanar layinmu, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan rungume da wani abu a cikin kwat ɗinsa. Sai dariya yake shi kaɗai. Da ya iso ƙofarmu ya sunkuya ya sheƙa amai a kan dakalin da na wanke da safe.

Matar Pengelly, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta taga. "A'a! Ɗan mai wa'azi ne haka a buge tilis? To, gobe a coci sai a yi mana bayani."

Babanmu bai taɓa ɗanɗana giya ba, kuma duk Lahadi sai ya la'anci masu shanta. Ya fito, ya dubi Yaya sau ɗaya, ya ce, "Ba a gidana ba." Ya rufe ƙofa ya danna sakata. Mama ta shige kicin tana kuka.

Ni ba mai magana ba ce, ko a kanti da ƙyar nake buɗe baki. Amma ranar na san sai na yi magana. Ni nake wanke kayan Yaya tun da rundunar ruwa ta mai da shi aiki a wani jirgin ruwa mai nutsewa ƙarƙashin teku, kuma duk sabulun garin Devonport ba ya fitar da warin fetur daga rigarsa. Wanda ya zana jirgin ya cusa injin fetur cikin bututun ƙarfe, ba taga, ba bango tsakanin injin da inda mutane ke numfashi, ƙofa ɗaya tak a sama. Shi yana can ofis yana shan iska.

Na bi ta ƙofar baya na zagayo. Yaya na zaune a ƙasa, idanunsa jajur.

"Tamsin, 'yar ƙanwata! Zo ki gai da likitocinmu." Ya zaro ƙaramin keji daga kwat, fararen ɓeraye uku a ciki. "In suka faɗi, iska ta ɓaci ke nan, sai mu taso sama. Yau sun faɗi, oga ya ce a ƙarasa atisaye tukuna." Ya sake fashewa da dariya, hawaye na zuba.

Na karɓe kejin na koma ciki. Baba ya zauna shan shayi, ya rufe ido zai yi addu'a. Na dire kejin tsakanin burodi da butar shayi.

"Baba, su ma giya suka sha?"

Ya buɗe ido. Ɓera ɗaya ya miƙe ƙafa, ya mutu. Sauran biyun suna tangaɗi suna karo da juna.

Na ce, "Je ka shinshina bakin Yaya. Fetur ne ya cika masa kai. Ka kori ɗanka a gaban matar Pengelly, ko tambayarsa ba ka yi ba!"

"Tamsin! Da mahaifinki fa kike magana," in ji Mama daga bakin kicin.

"Na sani, Mama. Shi ya sa."

Baba ya daɗe yana kallon kejin, har ɓera na biyu ya kife ta gefe yana haki. Sannan ya tashi ya zare sakata, ya kamo Yaya ta kafaɗa ya shigo da shi. Na jira in ji ya ce ya yi kuskure. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku cire masa rigar nan, kada ta kusanci murhu."

Na binne ɓeran a bayan gida. Ranar Litinin Yaya ya koma jirginsa. Daga baya ya ce an ba su sababbin ɓeraye, injin kuwa babu wanda ya taɓa shi.