Kuɗin Kati

A amalanke aka kawo Goggo Uwani ƙofar shagon Hambali, ƙafafunta duk sun tsattsage, katin hatsi a damƙe a hannunta. Mai amalanken ya ce a layin mangaza ta yanke jiki ta faɗi.

Shekara ta biyu ke nan da fari. Gwamnati ta buɗe mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, a Dungas, mai kati kaɗai ake sayar wa gero da araha, kuma kowane wata sai an buga wa katin hatimi. Tsofaffin ƙauyukan Dogo-Dogo ba sa iya wannan tafiya, don haka Maharazu mai raƙumi ke tattara katunansu, ya kai a buga, ya ɗauko musu hatsin, yana karɓar dala biyu a kan kowane kati.

Hambali, tela kuma shugaban samariya, ƙungiyar matasan gari, shi ya miƙe ranar da kumandan mai mulkin yankin ya zo rangadi, ya ce ana cin kuɗin masu yunwa. Aka tafa masa. Mako bai zagayo ba aka yi shela: an haramta karɓar ko tamma a kan kati, kowa ya kawo nasa da kansa.

A shagon, Hambali ya ba Goggo ruwa, ya dama mata fura. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa.

"Goggo, da ƙafa kika zo?"

"To da me, ɗan nan? Tare muka taso da Shatu maƙwabciyata, ta gaza a hanya ta koma. Wai wani mai tausayinmu ne ya kai ƙara." Ta kurɓi furar. "Bai tambaye mu ba dai."

Hambali ya sunkuya yana shafa mata man shanu a dunduniya, bai ɗago ba.

Da la'asar ya sami Maharazu a zaure, ya roƙe shi ya koma hanyar, ko a ɓoye.

"Na sayar da raƙumin, Malam Hambali. Dala biyun nan ita ce harawarsa." Ba fushi a muryarsa, kuma wannan ya fi yi wa Hambali nauyi.

Washegari Hambali ya rufe shago, ya ari jaki, ya ɗora Goggo da geronta. Suna isa ƙauyen mata suka fito. Ba su kalli buhun ba, jakin suke kallo. Kowace ta koma ɗaki ta dawo da kati.

"Ɗan Uwani, ko za ka riƙa kai mana? Za mu biya ka."

"An hana," in ji shi, da ƙyar.

Shatu ta dogaro sanda ta matso, ta cusa masa katinta da kuɗin a tafin hannu, ta naɗe masa yatsu a kai. Ta rage murya.

"Karɓi, yaro. Mai kai ƙarar can Dungas yake, ba zai ji ba."