Ƙeyar Sambo a Cikin Dikoda

Ranar da 'yan talabijin suka zo Tambuwal ɗaukar hoton aikin rigakafi, Sambo malamin asibiti yana wurin, kuma duk wanda ya gamu da shi a makon ya sha labari har ya ƙoshi. Da aka saka shirin, ya maƙala filashi a dikodarsa ya naɗe. Burinsa ɗaya ne, mahaifiyarsa Na'inna da ke Fakku ta gan shi a talabijin. Tsohuwar ba ta taɓa yarda cewa abin da ya raba shi da gona aiki ne ba, kuma hakan yana ci masa rai.

Ran Asabar ya jefa filashin a aljihu ya hau babur. Yayansa Jumare ya aro janareto da kayan mai gidan kallo, aka baza tabarmi, rabin unguwa ta hallara. Aka saka filashi a dikodar mai gidan kallon. Allo ya yi baƙi, ya rubuta wani guntun Turanci. Aka cire aka hura, aka goga a riga, aka mayar. Shiru kake ji.

"Halan kunya kaka ji, shi yas sa ba ka fito ba," in ji Jumare.

Sambo ya koma Tambuwal jiki a sanyaye, ya nufi shagon Na'Allah mai gyara.

"Malam, wanga abu kulle shike," in ji Na'Allah. "Dikodad da tan naɗe shi, ita kaɗai ka buɗe shi. Don kada a kwafe musu shiri sunka yi haka."

"To ai ni ne ciki."

"Kai na ciki, amma makulli nasu na. In kwafi kaka so, ɗauki allon da waya."

Sambo ya ce Allah ya kiyaye ya kai wa uwarsa hoto mai rawa. Ya kwance dikodar gidansa ɗungurungum ya naɗe ta cikin bargo, matarsa Mardiya tana binsa har ƙofa da gargaɗin ya dawo da ita kafin shirin da take kallo ran Lahadi.

Ya koma Fakku, aka sake haɗa kaya. Wannan karon abu ya buɗe. Ga manya cikin manyan riguna, ga wani yana ɗiga wa jariri magani, ga kuma wani a gefe ya juya baya yana rungume da kular allurai. Shirin ya ƙare.

"To, ina kake?" in ji Jumare.

Abin da Sambo bai taɓa sakawa a labarinsa ba ke nan: ƙeyarsa kaɗai aka ɗauka. Dariya ta tashi har daga bayan zana. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ku mai da shi baya," in ji Na'inna. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ɗora yatsa. "Ga shi nan. Ga tabon da yas samu ranad da jaki yak kada shi. Ku duba, kowa na tsaye hannu sake, ɗana kaɗai ad da kaya. Ashe aiki shika yi."

Dariyar ta mutu. Sambo ya duƙa yana gyara wata wayar wuta da ba ta lalace ba, don daɗi ya kawo masa ƙwalla.

Da safe ya zo haɗa kaya, ya tarar da dikodar a kan jeren kwanonin Na'inna, an lulluɓe ta da sabon zane.

"Inna, filashin zan bar miki."

"Ba kai kac ce ba ya buɗewa sai da uwatai, wagga dikoda, ba? Ba a raba su."

"Ai ba ki da wuta."

"Ba kallo nika so ba. Na san kana ciki."

Sambo ya ninke bargonsa ya ɗaure a bayan babur. Tun daga Fakku har Tambuwal yana shirya abin da zai gaya wa Mardiya, bai samu ba.