Saukar da Aka Yi wa Marisela

Shekara ashirin da shida Malam Lauwali yana limancin masallacin unguwarsu a Isa, wanda mahaifinsa ya gina da hannunsa. Ba shi da gonar kirki, ba shi da babur. Abin da ya mallaka duk duniya shi ne in ya ce abu kaza halal ne, mutane su ci ba tare da sun sake tambayar kowa ba.

Wata Laraba da hantsi sai ga Mas'ud, ɗan ƙanwarsa, wanda ke fataucin atamfa tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. Ya durƙusa a zaure ya marairaice fuska, kai ka ce mutuwa aka yi masa.

"Kawu, taimako za ka yi. Matar mai ba ni kaya Maraɗi ce ba lahiya. Asabar za a yi mata aiki asibiti, likitoci sun ce sai dai addu'a."

"Subhanallahi. Mi sunanta, da na mahaihiyatta?"

Mas'ud ya zaro waya ya karanto: Marisela, 'yar Dorota. Ya ce Baturiya ce. Malam bai ga aibu ba, mara lafiya ai mara lafiya ne. Ya rubuta sunayen da ajami, ya aika aka kira dattawa shida da suka saba sauka tare, aka raba izu goma-goma. Kwana uku suna karatu bayan asuba. Ranar ƙarshe har hawaye ya zubo wa Malam, don ya tuna yadda tasa uwar ta cika a kan hanyar asibiti.

Ita kuwa Marisela lafiyarta ƙalau. 'Yar wasan tanis ce, wannan da mutum biyu ke buga wa juna ƙaramar ƙwallo ta saman raga. Ranar Asabar ɗin za ta kara da wata zakara a can wata ƙasa, kuma babu mai ba ta nasara. Mas'ud ya gaji da asara a cacar ƙwallon ƙafa ta waya, shi ne ya koma tanis, wai can mutum ɗaya ne, addu'a ba za ta watse a kan goma sha ɗaya ba. Ya zuba jarinsa kaf a kanta. Sunan uwar ma sai da ya yini yana tono a waya, tunda ya san kawunsa ba ya addu'a babu shi.

Da ta faɗi, da maganar ta mutu a nan. Sai ta ci.

Ran Litinin Mas'ud ya jawo ƙaton rago, ya ce an yi aiki lafiya, mijin ne ya aiko da godiya. Malam ya yi hamdala, ya yanka, ya raba wa dattawan da suka yi karatu da maƙwabta. Cinya guda ya aika gidan Malam Fatihu, abokinsa tun suna yara, mutumin da ko goron da bai san asalinsa ba ba ya kai wa baki.

Amma bakin Mas'ud ba ya riƙe daɗi. A tashar Sabon Birni ya ba da labari, ya ƙara gishiri. Kafin mako ya zagayo samari sun fara sallama a zauren Malam, wasu tun daga Gangara, kowa da waya a hannu. Na farkonsu ko kunya babu ya ce, "Malam, irin wadda ka yi ma Mas'ud nika so. Nawa namiji ne, Lahadi za shi buga."

Sai da aka maimaita masa sau biyu ya fahimta. Ya kore su da sanda, ya shiga gida ya zauna. Ya kira Mas'ud a waya, ja'irin cewa ya yi, "To Kawu, ai addu'ar ta karɓu. Mi ab abin hushi?"

Washegari bayan la'asar Malam ya tsaya gaban jama'a ya faɗi komai, bai rage ba. Babu wanda ya ce ƙarya yake. Malam Fatihu ne ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Mun yarda ba ka sani ba, Lauwali. Amma da bakinmu munka karanta, da bakinmu munka ci. Har jikokina sun ci."

Abin ya yi wa Malam Lauwali ciwo fiye da zagi.

Da magariba ladan ya ta da iƙama. Malam ya yunƙura zai shige gaba, sai ya ga an riga an tura Hafizullahi, wanda shi ya koya masa baƙi da wasali. Ba wanda ya dube shi. Ya ja da baya ya shiga sahu.

A raka'ar farko Hafizullahi ya tsallake aya. Malam ya ɗaga murya ya gyara masa, yadda kowane mamu ke yi. Hafizullahi ya tsaya, bai ɗauki gyaran ba. Can sai Malam Fatihu ya maimaita ayar nan, harafi da harafi yadda Malam ya faɗe ta, sannan Hafizullahi ya karɓa ya ci gaba.