Kusan Bubayero

Chibuzo ne ya kawo wasan nan Azare, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa. A wajen danginsa na Kudu ya koyo shi, ya koya wa abokansa a bayan shagonsa na kayan babur. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa da jaruminsa, wato murfin kwalba a kan kwalin da aka zana daji da gawayi. In jarumi zai yi wani abu, sai a jefa ɗan ludo. Dokar da ta fi jawo rigima ita ce ta lura: mai labari ke jefawa, ya kife gwangwani a kai. In shida ta fito, ka hango maƙiya tun daga nesa. In ɗaya ce, sai dai ku yi kiciɓis. Jarumin da ya mutu kuwa ya mutu ke nan, ba a tashinsa.

Jarumin Abdulsamad tela shi ne Maigida, maharbi mai kwari da baka. Gadonsa ya yi wajen yayansa Ɗanladi, wanda haɗarin mota ya ɗauke a hanyar Jama'are. Ɗanladi ne ya naɗe murfin da jan zare da hannunsa. Tun rasuwar Ɗanladi, Abdulsamad ke lallaɓa Maigida kamar ƙwai, ko fadama ba ya bari ya tsallaka sai ya tambayi zurfinta.

Ran nan bayan la'asar, Bubayero mai kemis ne ke ba da labari. Shi Bafulatani, Abdulsamad Babarbare, abokan wasa ke nan, sai dai bakin Abdulsamad ba shi da birki. Kullum zancen ɗaya ne: wai in Bafulatani ya tura leɓe ya ce maka wuri kusa ne, to ka nemi guzuri.

Bubayero ya jefa, ya kife gwangwani, ya ɗan leƙa. Fuskarsa ta canja.

"Maigida na cikin kalgo," ya ce. "Ga mahara uku. Suna kusa."

Abdulsamad ya bushe da dariya. "Kusan wa? Kusan Fillo? Ashe suna can garin Chinade! Zama zan yi in ɗaura tsirkiya a bakana, a tsanake."

"Abdulsamad, na ce suna kusa."

"Na ji, Jauro. Je ka duba shanunka."

Chibuzo ya taɓa shi. "Kai, zare wuƙa mana!"

Ina! Ya ƙi. Ɗaurin tsirkiya na cin zagaye guda cur, a zagayen nan kuwa Bubayero ya ɗauko wani ɗan ludon ya jefa wa mahara sau uku a fili, kowa na gani: biyar, shida, shida. Maigida na durƙushe da baka tsakanin gwiwoyi aka sare shi.

Abdulsamad ya doki benci har murafen suka yi tsalle. Ransa ya ɓaci.

"Wallahi cuta ce! Zalunci ne tsagwaronsa! Maharbin da ke jin motsin zomo, a ce mutum uku sun zo har kansa bai gani ba? Kai ka matso da su don ka huce! Munafuki kawai!"

"Ni ne munafukin?" Bubayero ya miƙe, idanunsa sun yi ja. Ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya sai ranar. "A bayan kasuwar garin nan aka haife ni. Ban taɓa riƙe sandar kiwo ba, kai ma ka sani. Shekara da shekaru kana ce mini Fillo ina dariya, don wasa ne na iyaye da kakanni. Amma in na zauna ba da labari, maganata magana ce!"

"To buɗe gwangwanin in kai mai gaskiya ne!"

Bubayero ya ɗaga gwangwanin. Ɗigo ɗaya ne tal.

"A doka, da ɗaya ko gargaɗi ba ka da shi," ya ce. "Kai ma ka san haka. Na karya doka na faɗa maka, har sau biyu, saboda Ɗanladi. Ni na riƙe kansa a asibiti, ka manta? Ka zaci ina son in kashe maharbinsa?"

Abdulsamad ya buɗe baki, ya rasa wanda zai zaga. Haushin na nan a ƙirjinsa, ya ma ƙaru, sai dai yanzu ba shi da inda zai sauke shi.

Chibuzo ya lalubo sabon murfi a ƙarƙashin benci, ya goge da rigarsa, ya miƙa masa a hankali. "Ungo. Ka yi wani."

Abdulsamad bai ko kalle shi ba. Ya kai hannu zai ɗauke mai jan zaren daga kan kwali, amma a doka mai labari ke fid da gawa. Bubayero ya riga shi. Ya ɗauki murfin da hannu biyu, ya sa masa a tafin hannu, ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba.